Awon Ƙafa a Cikin Kwantena

Daga shago

Zuwa ga ɗana Injiniya,

Sallama, da gaisuwar wadda ta daɗe ba ta sa ka a ido ba. Ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka na cikin jirgi. Ya ruwa, ya kewar gida? Gwaggonka ce ta shagon takalmi. Da hannuna nake rubutawa, Auta za ta ɗauki hoton takardar ta tura maka, domin an ce kira ba ya shiga inda kuke, sai dai saƙo, shi ma sai an dace.

Mu dai da sauƙi za a ce. Ban sani ba ko labarin Babanku ya iso ka. Ya faɗi a bakin keken ɗinki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. An sallamo mu daga asibiti, yana cin abinci, yana gane kowa, amma hannun ba ya ɗaguwa, magana kuma sai ka kasa kunne sosai kafin ka tsinci kalma guda. Kullum da safe muna sauko da shi shago, mu zaunar da shi a kujerar kusa da taga, don in aka bar shi a sama ba ya yarda ya sa komai a bakinsa.

Aiki bai tsaya ba, kuma kai ne sila. Ka tuna lokacin da kake karatu kana kwana a ɗakin saman shago, ruwa ya ɓalle ta rufi ya jiƙe kwalayen awon mutane, ka ce daga ranar ba za a ƙara ajiye ƙafar kowa a kwali ba? To shafin intanet ɗin da ka gina mana shi ke riƙe da mu yanzu. Mai ciwon suga, da wanda shan inna ya taɓa, da wanda aka haifa da ƙafa a karkace, duk wanda Babanku ya taɓa aunawa sai ya aiko ta shafin ya ce a yi masa sabo. Auta ta buɗe awonsa, na'ura ta fitar da zanen, ma'aikatanmu biyu su yanka su ɗinka. Sababbin mutane kawai muke ba haƙuri. Ka san auna irin waɗannan ƙafafu ba aikin tef kaɗai ba ne, hannunsa ne ke jin inda ƙashi ya turo da inda fata ba ta son matsi.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kamfanin da shafinmu yake zaune a wurinsu sun aiko da takarda. Wai injin da muke kai ya tsufa, za su kashe shi, mu zaɓi ɗaya cikin biyu: ko mu koma sabon dandalinsu na kwantena, ko mu koma wani tsarin sarrafa shafi da suka ce kowa zai iya. Da Auta ta karanto kwantena na ce ai abin ya zo da sauƙi, ɗanmu a jirgin ruwa yake, wa ya kai shi sanin kwantena? Ta yi ta dariya, har Babanku ya taya ta da rabin baki.

Na kai takardar wurin mai shagon kwamfuta na ƙarshen layinmu. Ya duba, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Mama, wanda ya gina muku wannan gwani ne, amma ni ko ƙofarsa ban gane ba. Ku koma na biyun. Auta da kanta za ta riƙa sa hoto tana canja rubutu, in ya samu matsala kowa a layin nan zai iya duba muku." Maganarsa ta shige ni, amma na ce ba zan taɓa gininka ba ka sani ba.

Ni ban san kan abin nan ba, ɗana. Da Babanku yana da baki, da ba ni ce zan yi wannan tambaya ba. Ka gaya min wanne za mu bi.

Auta tana gaishe ka. Ta ce ka turo hoton teku, ba na fuskarka ba.

Gwaggonka

*

Daga cikin jirgi

Gwaggo,

Na amsa sallamarki da murna, na kuma gode da kika tuna da ni. Ina lafiya, sai dai jiri in iska ta taso. Labarin Baba bai zo min ba sai a takardarki. Da na karanta sai na kasa zama a ɗaki, na fita na tsaya a bakin ƙarfen jirgi har aka zo nemana. Allah ya tashi kafaɗarsa, ya ba ki ladan jinya. Ki gaya masa takalmin da ya yi min na tafiya shi nake sawa har yau, ruwan gishiri ya ci launinsa amma ɗinkin bai saki ba.

Aikinmu shimfiɗa wayar intanet ne a ƙarƙashin teku, amma mu masu shimfiɗawar ba mu da ita. Layin jirgi na aiki ne kawai, ba a barin kowa ya shiga wata na'ura ta waje da shi. Saƙonninmu tara su ake yi a sake su lokaci-lokaci. Wato daga nan ba zan iya taɓa shafinku ba ko da ina kallonsa yana rushewa. Wannan shi ya fi ci mini rai.

Bari in gwada yi miki bayani. Shafinku ba abu ɗaya ba ne. Akwai fuskar da mutane ke gani su yi oda. Akwai ma'ajiyar da awon ƙafafu da lambobin wayar mutane suke ciki. Akwai kuma abin da ke mai da awo ya zama zanen da ake yankawa. Kowanne na sa shi a akwatinsa tare da duk kayan aikin da yake bukata, na rufe. Wannan akwatin shi ake ce wa kwantena, ba irin wanda kika sani ba, ko da yake dariyar Auta ta biyo takardar har nan. Amfaninsa shi ne za a iya ɗauke shi daga wannan inji a dire a wancan, ya ci gaba da aiki kamar ba a motsa shi ba. Matsalarsa kuma, sai wanda ya san yadda aka ɗaure akwatunan da juna ne zai iya ɗaukarsu, kuma suna son mai leƙa su a kai a kai.

Na biyun kamar shagon haya ne da aka riga aka kafa wa kanta da fitila, ki shiga kawai ki jera kayanki. Mai shagon kwamfuta bai faɗi ƙarya ba, Auta za ta iya da shi. Amma shago ne da aka tsara don masu sayar da takalmin kasuwa, wanda mutum zai faɗi lambarsa a miƙo masa. Ba shi da gurbin mutumin da ƙafarsa ta hagu ta gaza ta dama tsawo, balle ya fitar da zane.

Kin ce in gaya miki wanne. Gaskiya ban sani ba tukuna. In kun bi kwantena kun rataya a wuyana, ni kuwa ga inda nake. In kun bi ɗayan kun huta da jirana, amma zanen ya tafi. Akwai hanyar haɗa su, a ba Auta fuskar shago ta riƙa juyawa, a bar awon a akwatinsa. Wannan kuwa sai na zauna a gaban na'ura mai layi a buɗe.

Auta ta turo min takardar kamfanin dukkanta, har ƙananan rubutun da ke ƙasa. Ina so in ga ranar da za su kashe injin, da abin da za su yi da kayan wanda bai zaɓi komai ba.

Ki gaida ma'aikata. Ga hoton teku nan, ba abin da ke cikinsa sai ruwa.

Ɗanki

*

Daga shago

Ɗana,

Ina gaisuwa, ina fatan jirin ya sake ka. Babanku yana nan yadda yake. Mai gashin ƙashi yana zuwa yana motsa masa hannun, ya ce a yi haƙuri, abin a hankali yake. Da na gaya masa zancen takalminka sai ya dubi ƙafata, ya dube ni, na gane yana tambaya ne ko dunduniyar ta cinye. Ka ba ni amsa in kai masa.

Auta ta tura maka takardar kamfani tun ranar da saƙonka ya zo. Daga nan shiru. Kullum sai na tambaye ta, har ta fara amsa min tun kafin in buɗe baki. Na san ba laifinka ba ne, amma shirun nan yana da nauyi.

Bayaninka na karanta shi, na sa Auta ta sake karanta min. Na gane akwati, na gane shagon haya. Abin da ban gane ba shi ne wanne zan shiga. Ka ba ni ilimi, ni kuwa hanya na tambaya.

Shafin ya fara ciwo. Mutum zai cika odarsa, ya danna, abin ya yi ta juyawa ba ya wucewa. Wata malamar makaranta ta bugo waya daga garinsu mai nisa, mahaifiyarta mai ciwon suga ce, takalminta ya fashe, ta koma sa silifas, ƙafar ta fara kumbura. Ta ce ta gwada shafin ya ƙi. Muka yi sa'a awon ya buɗu daga wurin Auta, aka yi mata, aka aika. Amma wannan ta san lambarmu ne. Su nawa ne suka gwada suka haƙura ba mu sani ba?

Wata yarinya daga kamfanin ta kira ni, mai ladabi, ba ta ɗaga min murya ba. Ta ce lokaci ya matso, me muka yanke? Na ce mai abin yana teku. Ta ce, "To Mama, ko akwai wani injiniyan da zai tsaya muku?" Na tambayi mutum biyu da aka nuna min. Ɗaya ya ce shi ba ya gadon ginin wani. Ɗayan ya yi ta zuba min Turanci har kaina ya yi zafi, da na ce ya nuna min a aikace sai ya ce zai dawo. Bai dawo ba.

Jiya na tsuguna a gaban Babanku na jera masa maganar tiryan-tiryan. Na ce in kwantena ne ya matsa hannuna, in ɗayan ne ya bari. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki, hawaye na zuba. Ban san ko amsa ce ba, ko riƙewa kawai yake yi.

Don Allah, ɗana, kada ka yi min dogon bayani. Kalma ɗaya ta ishe ni.

Gwaggonka

*

Daga cikin jirgi

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina lafiya, a gaida Baba. Ki yi haƙuri, waya ta tsinke mana a ƙasan ruwa, ba mu da hutu, kuma yanzu za a rufe saƙo, a tsaye nake rubutawa. Na karanta takardar kamfani har ƙasa. Tsohon tsarin nan, ki bar shi kawai. Kada ki ƙara wahalar da kanki a kansa. In Auta tana so ta fara buɗe sabon shafi da mai shagon kwamfuta don mutane su samu inda za su yi oda, ba laifi. Zancen awo kuwa nawa ne, ni zan ji da shi.

Dunduniyar ba ta cinye ba.

Ɗanki

*

Daga shago

Ɗana Injiniya,

Allah ya yi maka albarka. Ina fatan kun samu wayar taku kun ɗaure, kun kuma samu barci. Mu lafiya lau. Babanku ya fara riƙe kofi da hannun hagu ba ya zubarwa. Da na ce masa dunduniya ba ta cinye ba, sai ya gyaɗa kai irin na wanda dama ya sani.

Saƙonka ya sauke min dutse daga ƙirji. Ka ce in bar shi, na bar shi. Washegari muka tafi wurin mai shagon kwamfuta ni da Auta, ya buɗe mana sabon tsarin, ya kwashe hotunan takalma da rubutun da ke fuskar tsohon ya zuba a ciki. Ka ga yadda ya yi kyau kuwa? Auta ta sa hoton Babanku yana aiki, wanda aka ɗauka tun yana da ƙarfinsa. Ta koyi abin nan da nan, har tana gyara min inda na ce a rubuta kaza. Oda tana shigowa ba ta maƙalewa.

Da muka gama sai na kira yarinyar kamfani na ce a rufe tsohon gaba ɗaya, mun bar shi. Ta tambaye ni ko mun kwashe duk abin da muke so. Shi ma mai shagon kwamfuta ya ce, "Mama, awon fa?" Na nuna masa saƙonka, na ce awo yana wurin Injiniya, shi zai ji da shi. Yarinyar ta sake tambaya ko na tabbata, na ce na tabbata. Ta turo wani abu Auta ta danna, shi ke nan.

Ban yi saurin rubuto maka ba don na ga kana cikin aiki, kuma akwai zanen da aka riga aka fitar, shi ma'aikata suke ta yi. Yanzu sun ƙare. Oda ta taru, kowa cewa yake awonsa yana wurinmu. Auta ta duba sabon shafin ciki da waje ba ta ga inda ake buɗe awo ba, na ce ai ba za ta gani ba, sai ka turo. To ka turo mana, ko kaɗan-kaɗan ne in layinku ba ya ɗaukar mai yawa. Ka fara da na wani tsohon direba, mai ƙafar dama gajera, shi ya fi matsa mana.

Ɗakinka na sama mun share shi, Auta ta ce ko za ka sauka a nan in kun dawo.

Gwaggonka

*

Daga cikin jirgi

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Lafiyata ƙalau. Takardarki ta daɗe a hanya, yau ta shigo tare da saƙonnin da aka tara mana. Ki samu wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Awon ba ya wurina. Bai taɓa zama a wurina ba. Yana cikin akwatin da aka rufe.

Da na ce ki bar shi, nufina ki ƙyale shi yadda yake, kada ki taɓa. A ƙasan takardar kamfanin an rubuta cewa wanda bai zaɓi komai ba za su kashe masa injin amma su adana kayansa har ya zo. Wanda kuwa ya ce da bakinsa a rufe, za su jira shi ɗan lokaci kaɗan, sannan su goge komai, har da kwafin da suke ajiyewa na ko-ta-kwana. Shi ya sa na ga mafi aminci shi ne a yi shiru har in sauka. Da na ce awo nawa ne, aikin kwashe shi nake nufi. Na buɗe saƙon nawa na sake karantawa da idonki, na ga babu yadda za ki fahimce shi in ba yadda kika fahimta ba. Kin ce in ba ki kalma ɗaya, na ba ki wadda take da fuska biyu.

Na je wurin shugaban aikinmu na roƙe shi ya buɗe min layi. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ba a hannunsa abin yake ba, amma ya bar ni na tura saƙo ɗaya na gaggawa zuwa kamfanin. Na tura. Na gaya musu ko ni wane ne, da abin da ke cikin akwatin, da irin mutanen da ƙafafunsu ke ciki. Ban san ko lokacin da suke bayarwa ya wuce ba, don ban san ranar da Auta ta danna ba.

Ki kira yarinyar nan yanzu, kada ki jira gobe. Ki ce mata a dakatar da gogewa, a mai da asusun. Auta ta duba kwamfutar shago, ko akwai zanen da ta taɓa saukewa ya zauna a ciki. A duba kwandon shara da ƙarƙashin teburin yanka, duk takardar zane da aka samu, ko ta yage, a ajiye.

Kada ki gaya wa Baba tukuna.

Ina zaune a kan wayar da za ta haɗa ƙasashe, na kasa isa ga teburin shagonku.

Ɗanki

*

Daga shago

Ɗana,

Muna lafiya. Ina fatan kai ma haka.

Na kira ta. Ta duba, ta ce bari ta haɗa ni da na gaba da ita. Shi ma ya duba. Ya ce saƙonka ya iso gare su, sun bincika tun kafin in kira, lokacin ya riga ya wuce. Na ce ko a wani lungu babu saura? Ya ce, "Mama, da akwai da na ba ki." Ban yi masa faɗa ba. Sun tambaye ni, ni ce na ce na tabbata.

A kwamfutar shago Auta ta samu zanen mutum goma sha wani abu. A ƙarƙashin tebur mun samu wasu, amma ba suna a jikinsu, ba mu san ƙafar wa ba ce.

Ka ce kada in gaya masa. A gabansa muke ta kwashe shara muna baje takardu a ƙasa, me zan ɓoye? Ya gane tun kafin in yi magana. Ya juya fuskarsa wajen taga, ranar bai ci komai ba.

Ban ga laifinka ba. Ina so in ga laifin wani, na duba ko'ina ban samu wanda zan ɗora wa ba.

Gwaggonka

*

Daga cikin jirgi

Gwaggo,

Gaisuwa da ban haƙuri. Ina nan lafiya, aiki ya lafa, an ce mun kusa juyawa, amma ba a faɗi rana ba. Yaya jikin Baba? Ya koma cin abinci?

Amsar kamfanin ta zo min, daidai da abin da suka gaya miki. Na yi ta lissafin ko akwai wata ƙofa da na manta, babu.

Tun farko kin tambaye ni wanne za ku bi, ban ba ki amsa ba. Yanzu da amsar ba ta da amfani, ga ta. Sabon tsarin da kuke kai shi ya dace da shagon. Abin da Auta za ta iya buɗewa ta gyara da hannunta ya fi abin da sai an jira wani daga teku. Da na sauka lafiya, da abin da zan yi ke nan, in kwashe awon in mai da ku can, in nemi yadda zanen zai bi ku. Kada ki koma baya, kada kuma ki bari wani ya ce zai sake gina muku akwatuna.

Abin fitar da zane zan iya sake gina shi, yana cikin kaina. Awon ne ba ya cikin kan kowa. Auta ta sa sanarwa a fuskar shafi, ta ce duk wanda ke da tsohon takalminmu ya aiko da shi, ko ya mutu. Daga jikin takalmi za a iya cire wani abu, ko da yake ba duka ba, don takalmin da aka daɗe ana sawa ya riga ya bi karkatar ƙafa.

In ɗakin sama yana nan, zan sauka a can.

Ɗanki

*

Daga shago

Ɗana Injiniya,

Ina gaishe ka, ina fatan jirginku ya juyo da ku lafiya. Babanku ya koma cin abinci, kaɗan-kaɗan. Ni ma ƙafata ta ɗan kumbura saboda hawa da sauka, amma ba wani abu ba ne. Ɗaki yana nan.

Auta ta sa sanarwar. Tsofaffin takalma sun fara isowa a leda, wasu da ɗan rubutu a ciki. Mun jera su a kan kantar da fata take a da. Ma'aikata suna juya su, suna gwada cire zane, amma babban cikinsu ya ce min shi yanka ya iya da ɗinki, ba zai ɗauki alhakin ƙafar mai ciwon suga a kan kintace ba. Ban ga laifinsa ba. Ƙaramin kuma ya samu aiki a wani shagon jakunkuna, ya zo ya yi mana sallama da kyau.

Tsohon direban nan bai aiko da takalmi ba, da kansa ya zo, ɗansa ya ɗauko shi a mota tun daga garinsu. Ya shigo yana dogara sanda, ya ga Babanku a kujera, ya tsaya. Ashe bai san abin da ya faru ba. Ya zauna kusa da shi, ya cire hularsa ya riƙe a hannu, suka yi ta kallon juna. Can sai Babanku ya nuna ƙasa da hannun hagu. Muka gane so yake a ɗora masa ƙafar a cinya. Aka ɗora. Ya bi ta da yatsunsa tun daga dunduniya har ɗan yatsa, a hankali, ya koma ya sake bi. Auta ta riƙe tef da biro tana jira. Ya tsaya a wani wuri gefen ƙafar, ya danna, ya faɗi wata kalma. Auta ta ce, "Baba, me ka ce?" Ya sake faɗa. Ta dube ni, na dube ta. Ya faɗa da ƙarfi har jijiyar wuyansa ta tashi. Shekarun da na yi da mutumin nan, ko tari ya yi na san abin da yake nufi, amma wannan kalma ban gane ta ba.

Direban ne ya ce, "Ku bar shi ya huta. Ku yi min yadda kuka iya."

Mun yi yadda muka iya. Auta ta auna, ta yi alama a inda ya danna, aka ƙara soso a wurin. Bayan kwana biyu ɗansa ya dawo da takalmin, ya ce ya ƙuje masa fata daidai wurin nan. Wataƙila ragewa Babanku ya ce a yi, mu muka ƙara. Za mu sake gwadawa, mutumin ya ce zai jira.

Sabon shafin kuwa ba ya gajiya. Bai taɓa maƙalewa ba, oda tana shigowa fiye da da, saboda hotunan da Auta take sawa. Kusan kowace da layi ɗaya take ƙarewa: awona yana wurinku. Yau da safe Auta ta juyo da kwamfutar wajena ta ce, "Mama, me zan rubuta musu?" Na ce ta rubuta su zo. Ta ce, "In sun zo wa zai auna su?"

Na ce bari in gama rubuta maka tukuna.

Babanku yana gaishe ka. Bai faɗa ba, amma da na ce takardarka nake rubutawa ya ɗaga hannun hagu, bai sauke ba sai da na rubuta.

Gwaggonka